Allon Ƙirga: Hanya Mai Araha Ta Sa Lissafi Ya Zauna A Kan Yaran Zurmi

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin arewacin Zamfara, daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, ya san yarinyar nan 'yar shekara takwas mai tallar ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa. Ka miƙa mata naira ɗari biyar, ka sayi na ɗari da hamsin, kafin ka gama ɗaure leda ta ƙirgo maka ɗari uku da hamsin, ba ta ci ka ba, ba ta ci kanta ba. Amma a kai ta aji, a rubuta mata 13 a cire 7 a kan allo, sai ka ga ta tsaya tana kallon malam, ko ta shiga zana 'yan sanduna a bayan littafi tana sokewa har ta ɓace a hanya.

Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Abin da ya faru shi ne lissafin da ta iya yana hannunta da idonta, na makaranta kuwa an fara mata shi da alamomin da ba a taɓa nuna mata abin da suke wakilta ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai rami, kuma a cikinsa yara da yawa suke faɗawa tun suna aji ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a faɗin Najeriya kusan yaro ɗaya ne kawai cikin huɗu, daga masu shekara 7 zuwa 14, yake da tushen lissafin da ya kamata a samu tun a azuzuwan farko.

Akwai wani ɗan kayan aiki da zai iya cike babban ɓangare na wannan rami: katako mai kusurwa huɗu, da wayoyi a jere, da duwatsu ko tsakiyoyi da ake turawa dama da hagu. 'Yan boko suna ce masa abakus. A nan za mu kira shi allon ƙirga.

Ƙasar da ta saba ƙirga da hannu

Ƙirga da abin da hannu zai taɓa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Zurmi tsohon zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Katsina da Sakkwato. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa garin a 1824, Heinrich Barth kuma ya bi ta nan a 1853. A wancan zamani kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, kuma ba a zare ake shirya shi ba, a warwatse yake. Barth ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirgar wuri a Tasawa a 1851: biyar-biyar ake jansa da yatsu, a tara kashi-kashi na ɗari biyu ko na dubu. 'Yan kasuwa suna da sunan kowane mataki, hauya ga ashirin, zangu ga ɗari, keso ga dubu ashirin.

A lura da dabarar da ke ciki. Mai ƙirgar wuri ba ya bin ɗaya bayan ɗaya, domin rana za ta faɗi bai gama ba. Idonsa ya saba gane biyar a kallo guda, sannan ya haɗa biyar-biyar su zama babban kashi. Wannan ita ce ainihin dabarar da masana koyar da lissafi suke son yaro ya samu a yau.

Wuri ya tafi, amma hannun bai manta ba. Mai goro har gobe da ƙwarya yake lissafi. Mai hatsi yana ajiye tsakuwa ko ya ja layi a ƙasa duk lokacin da ya cika tiya goma. A kowane masallaci akwai carbi, mai talatin da uku ko mai casa'in da tara, da 'yar alama da ke raba kashi da kashi don kada mai tasbihi ya ɓace. 'Yan mata suna carafke da tsakuwa, dattawa suna dara a gindin bishiya. A ɓangaren ilimi mai zurfi kuma, malaman zaure sun daɗe suna hisabi da rabon gado, kuma a Katsina aka samu Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron Zurmi magajin masu lissafi ne. Allon ƙirga ba zai kawo masa sabuwar al'ada ba, zai shigo da wadda ya baro a gida ne zuwa cikin aji.

Yadda ya zagaya duniya

Allon ƙirga iri-iri ne. Na Sin, wanda suke kira suanpan, yana da duwatsu biyu a sama da biyar a ƙasa a kowace sanda, kuma a 2013 UNESCO ta sa fasahar lissafi da shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Na Japan, soroban, yana da dutse ɗaya a sama mai daraja biyar da huɗu a ƙasa, kuma har yau ana koyar da shi a firamarensu. A Nuwamban 1946 an yi gasa a Tokyo tsakanin wani ma'aikacin Japan, Kiyoshi Matsuzaki, mai soroban, da wani sojan Amurka mai injin lissafi na lantarki. Mai soroban ya ci huɗu da ɗaya.

Wanda aka fi gani a ajin yara kuwa, mai wayoyi a kwance da duwatsu goma a kowace waya, daga Rasha ya samo asali. Wani injiniyan sojan Faransa, Jean-Victor Poncelet, da aka kama a yaƙin Napoleon na 1812 aka tsare shi a Saratov, ya koma gida da shi a 1814, daga nan ya bazu a makarantun yara na Turai. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, ta gina koyar da lissafinta a kan tsakiyoyi. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Holan, Adri Treffers na Cibiyar Freudenthal, ya fito da ƙarami mai waya biyu kacal: kowace waya duwatsu goma, biyar ja, biyar fari. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da ɗan aji ɗaya, kuma shi ya fi sauƙin haɗawa. Makafi ma ba a bar su a baya ba, domin a farkon shekarun 1960 wani makaho ɗan Amurka, Tim Cranmer, ya gyara soroban ya sa masa shimfiɗa mai laushi a baya don kada duwatsun su zame idan ana shafawa.

Darasi ɗaya, daki-daki

Bari mu ɗauki mai waya biyu mu ga yadda darasi yake tafiya. Ana farawa da dukkan duwatsu a hannun dama. Duk wanda aka tura hagu, shi ake lissafi da shi.

Malama ta ce, "Ku nuna mani bakwai." A makon farko yaro zai riƙa tura ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa da baki, kuma ba laifi. Bayan 'yan kwanaki sai ta ƙara sharaɗi: "Da turi guda nake so." A nan ne aikin yake farawa. Yaro zai duba ya ga jajayen biyar ne, ba sai ya ƙirga su ba, ya sa yatsa bayan farare biyu ya tura gaba ɗaya. Ya gane da kansa cewa bakwai biyar ce da biyu. Sai ta juya wasan: ta tura takwas, ta nuna na ɗan lokaci kaɗan, ta rufe da gyale. "Nawa kuka gani?" Idan an ce takwas, tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: "Yaya aka yi ka sani?" Wani zai ce biyar da uku ya gani. Wata za ta ce biyu ne suka rage a dama, saboda haka goma ce ba biyu. Dukansu sun yi daidai, kuma kowa a ajin ya ji hanya biyu ta isa wuri ɗaya.

Daga nan sai tarawa. Takwas a tara da bakwai lissafi ne da yake wahalar da yara, domin yatsun hannu sun ƙare kafin a kai. A allon ƙirga, an tura takwas a wayar sama, jajaye biyar da farare uku. An tura bakwai a ta ƙasa, jajaye biyar da farare biyu. Yanzu ido ya ga jajaye sun yi layi, biyar a kan biyar, goma ke nan. Farare uku da biyu, biyar. Goma sha biyar. Babu wanda ya haddace komai, gani aka yi.

Ɗebewa ma haka. Goma sha uku a cire bakwai: wayar sama cike, uku a ta ƙasa. A mayar da ukun nan dama, saura huɗu a cire daga goma, shida suka rage. Wannan shi ne lissafin da ya tsayar da mai tallar ƙuli-ƙuli, ga shi ya warware da motsi biyu. Harshenmu ma yana taimakawa a nan, domin dattijon da ke cewa ashirin ba biyu maimakon goma sha takwas, abin da yake faɗa shi ne daidai abin da yaro yake gani: duwatsu biyu ne suka rage a gefe kafin waya biyu su cika.

Sai muhimmin mataki wanda idan aka tsallake shi aikin ya tashi a banza. Duk abin da aka tura a waya, a zana shi a allo ko a ƙasa, sannan a rubuta lambarsa a gefe. Hannu, sai zane, sai alama. Masanin Amurka Jerome Bruner ya bayyana waɗannan matakai uku a shekarun 1960, kuma a kansu Singafo ta gina tsarin lissafin firamarenta da ya yi suna a duniya.

Idan yara sun ƙware a ashirin, sai a kawo babban allo mai waya goma, duwatsu ɗari. Talatin da huɗu a nan waya uku ce cike da duwatsu huɗu, arba'in da uku kuwa waya huɗu ce da uku. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara rikita 34 da 43 ba. Haka kuma maganar "rubuta biyu, riƙe ɗaya" da ake rerawa a aji ba tare da an san mene ne ake riƙewa ba, za ta sami ma'ana: bakwai da biyar sun cika waya guda har biyu sun yi saura, ɗayan da aka riƙe goma ce cikakkiya.

Abin da ya sa ya dace da Zurmi

Ba za a yi maganar makaranta a wannan yanki a rufe ido ga halin da ake ciki ba. Shekara da shekaru 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka, iyalai suna kwararowa cikin garin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, wasu har Gusau. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da na makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun a Satumbar shekarar, an rufe makarantu a jihar na tsawon lokaci. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa a asibitocin Zurmi da Shinkafi. A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

Sakamakon wannan a cikin aji a bayyane yake. Za ka tarar da ɗan shekara shida da ɗan shekara goma sha ɗaya a tabarma guda, wani bai taɓa zama a aji ba, wani ya yi aji biyu sannan ya shekara biyu yana gudun hijira. Littafi bai isa ba, lantarki babu, malami ɗaya yara fiye da ƙima. A irin wannan yanayi kayan koyarwa mai amfani shi ne wanda ba ya buƙatar caji ko intanet, wanda ruwa ba ya lalata shi, wanda idan an ce a tashi za a sa shi a buhu a tafi da shi. Duwatsun da ke jikin waya kuma ba sa zubewa su ɓace kamar tsakuwa ko marafan kwalba da ake rabawa a tattara kullum. Ga wani amfanin: da kallo guda malami zai gane matakin kowane yaro. Mai tura ɗaya-ɗaya yana farko, mai tura biyar-biyar ya yi gaba. Sai a raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, irin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi fice da shi, wanda aka gwada a wasu jihohin arewa, ciki har da Borno da Kano.

Zamfara ba ta rasa abin ɗorawa a kai ba. Daga 2015 an gudanar da shirin RANA a jihohin Zamfara da Katsina, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya, inda aka koyar da karatu da lissafi da Hausa a aji ɗaya zuwa uku da wasu makarantun Alƙur'ani da aka haɗa da boko. Akwai malaman da suka sami wancan horo suna nan a bakin aiki. Allon ƙirga zai zauna daram a kan abin da suka riga suka sani, domin yaro ba zai iya bayyana yadda ya gane takwas ba sai da harshen da yake tunani da shi.

Ba sai an yi odarsa daga waje ba

Wanda ake sayarwa a manyan shaguna, mai launi goma daban-daban, ya fi kama da abin wasa, kuma yawan launin yana ɓoye biyar ɗin da ake son yaro ya gani. Launi biyu sun wadatar. Kowane kafinta a bakin kasuwa zai iya haɗa na malami da guntayen katako da wayar ƙafar keke. Duwatsun kuwa, marafan robar lemo da aka huda da ƙusa mai zafi sun isa, ja da fari ko shuɗi da rawaya. Tsofaffin silifa ma ana yanka su ƙanana a huda. Na hannun yara ya fi sauƙi: kwali mai kauri, igiya biyu, tsakiyoyi ashirin. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa ba za su kasa haɗa wannan ba, kuma abin da yaro ya haɗa da hannunsa ya fi kula da shi.

Abu biyu ne za a kiyaye. A ɗaure bakin waya ko igiya tamau, domin ƙananan yara suna kai komai baki. Sannan a guji shafa fentin da ba a san asalinsa ba, gara a nemi abin da launinsa na jikinsa ne. Jihar da ta rasa ɗaruruwan yara a gubar dalma a Anka da Bukkuyum a 2010 ta san ba a wasa da abin da ke shiga bakin yaro.

Inda ake yin kuskure

Allon ƙirga ba ya koyar da kansa. Idan aka rataye shi a bango don mai duba makarantu ya gani, ko aka kulle shi a ofishin hedimasta don kada ya lalace, babu abin da zai ƙara wa kowa. Idan malami ne kaɗai yake taɓa shi yara suna amshi, an koma gidan jiya. Dole ya shiga hannun yaro kullum, ko da na minti goma ne.

Kuskure na biyu shi ne barin yaro ya dawwama a ƙirga ɗaya-ɗaya. Wanda ya shekara yana haka ya mayar da duwatsu madadin yatsu ne kawai. Na uku shi ne gaggawar kawo nau'in da kowace waya take da darajarta, wannan ta ɗaiɗai, wannan ta gomomi, wannan ta ɗaruruwa. Yaron da bai gama yarda cewa goma goma ce ba, idan aka ce masa dutse guda a waya ta biyu goma ne, sai ya rikice. A bari sai ya ƙoshi da allon ɗari tukuna.

Na huɗu shi ne manta cewa ranar ajiye shi tana zuwa. Allon ƙirga kamar bango ne ga yaro mai koyon tafiya, yana dafawa ne don ya saki. Malami nagari yakan fara rufe shi da zane ya ce, "Ku gan shi a zuci, ku gaya mani." Ranar da yaro ya amsa takwas da bakwai ba tare da ya taɓa komai ba, allon ya gama aikinsa, sai a miƙa wa ƙanensa.

Iyaye kuma su yi hattara da masu tallar cewa abakus yana mayar da yaro gwani a kowane fanni. Abin da aka tabbatar shi ne yana ƙarfafa fahimtar lamba da saurin lissafi idan an koyar da shi da kyau. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Wa zai ɗauki nauyi?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati alhakin bai wa kowane yaro ilimin farko kyauta, kuma kayan koyarwa suna cikin wannan alhaki. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta iya ba kafintocin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda aikin haɗa allon ƙirga, kuɗin ya tsaya a garuruwan. Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau za su iya tabbatar da cewa babu ɗalibin da zai fita koyarwa bai haɗa nasa ya koyar da shi a gaban malamansa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da ɗakunan ƙira da ɗaliban da za su iya fitar da samfuri mai ƙarko da araha. Malaman islamiyya da na tsangaya su ma abin ya shafe su, domin almajirin da zai karanta rabon gado gobe yana buƙatar tushen lissafi yau.

Sai dai ba lallai a zauna jiran gwamnati ba. Kwamitin kula da makaranta na unguwa zai iya tara marafan lemo cikin mako guda. Uwa za ta iya zare tsakiyoyi ashirin a igiya, biyar-biyar launi biyu, ta riƙa tambayar ɗanta da yamma, "Nuna mani shida. Saura nawa ta cika goma?" Ba sai ta yi boko ba kafin ta iya wannan, lissafin cefane da adashi da take yi kullum ya fi shi wuya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar aji uku bai gane goma ba, da wuya ya kamo a sakandare, kuma yawanci shi ne yake fara cewa lissafi ba nasa ba ne, daga nan ya bar makarantar gaba ɗaya. Maganin rashin tsaro yana hannun hukuma, kuma wajibi ne a ci gaba da neman ta sauke wannan nauyi. Amma katako da waya da duwatsu ashirin suna hannunmu. Malamai, iyaye da masu unguwanni na Zurmi da kewaye, kada zangon karatu mai zuwa ya kama akwai ajin farko ko guda da babu allon ƙirga a hannun yaransa.